Makaho da Gurgu a Allon Silima: Sharhi a Kan Finafinai Uku na Abotar Yara Marasa Galihu

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu gardama ce da ta tashi a ɗakin kwananmu wani dare, bayan mun gama kallon wani tsohon fim na Indiya mai suna Dosti. Mu biyar ne a ɗakin, kuma babu wanda idonsa bai kawo ruwa ba, har da wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu. Da aka kunna fitila sai wani ya ce ai fim ɗin da ya sa ƙato kuka ya gama aikinsa, babu sauran wani sharhi. Ni kuwa na ce ban yarda ba, domin albasa ma tana sa ƙato kuka, amma ba wanda ya taɓa ba ta lambar yabo. Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta ƙi barin zuciyata.

Saboda haka na ga ya dace in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko a sami wanda zai raba mu. Zan ɗauki finafinai uku masu jigo ɗaya, watau abota tsakanin yaran da duniya ta juya wa baya: Dosti na ƙasar Indiya na shekarar 1964, da Ali Zaoua na ƙasar Maroko na shekarar 2000, da kuma wani gajeren fim na ƙasar Senegal na shekarar 1999 mai suna La Petite Vendeuse de Soleil, watau yarinya mai tallar jaridar Soleil. Dukkansu uku suna taɓa zuciya. Abin da nake so in nuna shi ne, ba kowane irin tausayi ne yake da nauyi ɗaya ba, kuma tausayin da sai an wanke yaro tas kafin a ba shi, tausayi ne mai araha.

Ma'aunin da na ɗauka

Ban je nesa neman ma'auni ba, a gida na samo shi. A wurin Bahaushe abota abu ce da ake ramawa. Matar da ƙawarta ta yi wa gudummawa ranar suna ta san akwai ranar da ita ma za ta ɗauki nata kayan ta nufi gidan ƙawar. Abokin ango da ya sha wahalar biki ya san ranar nasa bikin ba zai nemi mai tsaya masa ya rasa ba. In kuwa ɗaya ne kullum yake bayarwa ɗaya yana karɓa, to wannan ba ma kiransa abota, sai dai mu ce barantaka ko sadaka. Tambayata ta farko ga kowane fim ke nan: su biyun suna ɗaukar kayan tare, ko kuwa an ɗora wa ɗaya?

Tambaya ta biyu ita ce ko fim ɗin ya bar yaran su zama 'yan Adam da kirkinsu da aibinsu. Ta uku kuwa, idan an gama kuka, wa fim ɗin ya nuna wa yatsa?

Dosti

Satyen Bose ne ya ba da umarnin wannan fim, Tarachand Barjatya na kamfanin Rajshri ya ɗauki nauyinsa, kuma an ɗauko labarin ne daga wani fim na harshen Bengali mai suna Lalu Bhulu na shekarar 1959. Yaran da suka fito a matsayin taurari, Sushil Kumar da Sudhir Kumar, ba sanannu ba ne a lokacin. Duk da haka fim ɗin ya kwashe lambobin yabo shida na Filmfare a shekarar 1965, ciki har da na fim mafi kyau, ya kayar da Sangam na Raj Kapoor mai manyan taurari. Laxmikant da Pyarelal ne suka tsara kiɗan, Majrooh Sultanpuri ya rubuta waƙoƙin, Mohammed Rafi ya rera mafi yawansu, kuma dukkansu sun sami lambar yabo a kan wannan aiki.

Ga labarin a taƙaice. Mahaifin Ramu ya mutu a haɗarin da ya same shi a wurin aiki, kamfanin ya ƙi biyan diyya, baƙin cikin haka ya yi sanadin mutuwar uwar, shi kuma Ramu mota ta buge shi ya gurgunce. Aka kore shi daga gidan haya, ya shiga gararamba a titunan Bombai, birnin da aka mayar wa suna Mumbai a 1995. A can ya tsamo wani makahon yaro mai suna Mohan daga gaban mota. Mohan ya baro ƙauye ne yana neman yayarsa Meena, wadda take aikin nas a birnin. Ramu ya iya busa hamonika, wani ɗan ƙaramin abin busa da ake karawa a baki, Mohan kuma Allah ya ba shi murya. Ɗaya na busa ɗaya na waƙa, masu wucewa suna jefa musu kwabbai.

Wannan kashi na farko, a nawa ganin, shi ne mafi kyau a fim ɗin, kuma ba ni da abin da zan ce a kansa sai yabo. Kowane ɗayansu yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Ramu ne idon Mohan, kafaɗar Mohan kuma ita ce madogarar Ramu; busa ba waƙa ba ta tara jama'a, waƙa ba busa kuma ba ta da armashi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga makaho da ɗan jagoransa suna bi ƙofa ƙofa da waƙar bara, ba sai an fassara masa wannan hoton ba. Daɗin daɗawa, akwai wurin da ya fi ko'ina ciwo, inda Meena, tana aikin jinya a gidan masu kuɗi, ta ga ƙanenta ya zama mabaraci, kunya ta hana ta amsa cewa nata ne. A nan fim ɗin ya faɗi gaskiya mai ɗaci, cewa wani lokaci bare yakan riƙe abin da jini ya yar.

To amma daga ranar da maganar makaranta ta shigo, sai ma'auni ya karkace. Ramu yana son ya ci gaba da karatu, ana neman rupi 60 na shiga. Suka nemi rance a gidan wata yarinya maras lafiya da suka saba da ita, mai suna Manjula, yayanta Ashok ya wulaƙanta su da rupi 5. Mohan ya fita ya yi ta waƙa har kuɗin suka cika. Daga baya 'yan sanda suka kama Ramu bisa zargin satar da bai yi ba, malaminsa Sharma ya yi belinsa da sharaɗin ya koma gidansa da zama, ya kuma rabu da Mohan. Ramu ya yarda. Da malamin ya rasu, kuɗin jarrabawa suka gagara, Mohan ɗin da aka yasar, ga shi ba lafiya, ya sāke fita titi ya tara kuɗin ya biya a ɓoye, ya faɗi aka kai shi asibiti. Ramu ya zo na ɗaya a jarrabawa, ya ji abin da ya faru, ya ruga asibiti ya nemi gafara, aka rungumi juna, fim ya ƙare.

Mai karatu ya zauna ya yi lissafi da kansa. Mohan ya ba da muryarsa da kuɗinsa da lafiyarsa. Ramu ya sami makaranta, da uban gida, da sakamako mai kyau. Shi Mohan me ya samu? Gadon asibiti da runguma. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Abin da ya fi damuna ma shi ne, daga farkon fim ɗin har ƙarshensa ba a damu da cewa shi ma Mohan ya cancanci aji da malami ba, alhali kuwa akwai makarantar makafi ta Victoria Memorial a cikin wannan birni na Bombai tun 1902. Fim ɗin ya ɗauka cewa rabon makaho a duniya shi ne ya yi waƙa ya sadaukar da kansa, mu kuma muka amince muna share hawaye.

A kan tambaya ta biyu, yaran Dosti ba sa sata, ba sa ƙarya, ba sa ashar, yunwa ba ta taɓa sa su aikata abin kunya ba. Ko kamun da aka yi wa Ramu sai da aka tabbatar mana ƙage ne, don kada tausayinmu ya ragu. A kan ta uku kuwa, ina kamfanin da ya hana diyya, wanda shi ne tushen masifar duka? Ya ɓace tun a farkon labari, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Sai aka bar mu da ƙaddara, ita kuwa ba a kai ta ƙara gaban alƙali. Mai kallo yakan tashi zuciyarsa wasai, yana jin shi mutumin kirki ne tun da ya yi kuka, ba a tambaye shi komai ba.

Ali Zaoua

Daga Indiya sai mu dawo nahiyarmu, birnin Kasabalanka na Maroko. Nabil Ayouch ne ya shirya wannan fim, kuma bai ɗauko 'ya'yan masu hali ya shafa musu toka ba. Yaran da suka fito a ciki yaran titi ne na haƙiƙa, ya same su ta hannun ƙungiyar Bayti mai kula da irinsu a birnin. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Dokin Yennenga a bikin finafinan Afirka na FESPACO da aka yi a Wagadugu a shekarar 2001.

Yara huɗu, Ali da Kwita da Omar da Boubker, sun ɓalle daga wata ƙungiyar yaran titi da wani mugu mai suna Dib yake shugabanta, suka koma kwana a tashar jiragen ruwa. Ali ɗan wata karuwa ne, burinsa ya zama ma'aikacin jirgin ruwa ya tafi wani tsibiri da yake cewa rana biyu ke fitowa a kansa. Ba a yi nisa da fara fim ɗin ba yaran Dib suka zo mayar da su, aka yi jifa, dutse ya sami Ali a ka, ya mutu nan take. Sauran ukun suka ɓoye gawar, suka yi alkawari ba za a binne abokinsu kamar wanda ba shi da kowa ba, sai sun yi masa jana'iza irin ta ɗan sarki. Sauran fim ɗin duka fafutukar cika wannan alkawari ce, har wani tsohon masunci mai suna Hamid ya taimaka musu da akwatin gawa da jirginsa.

Waɗannan yara ba waliyyai ba ne. Suna shaƙar sholisho, suna yankan aljihu, suna zagi, suna dukan juna, kuma akwai lokutan da alkawarin ya kusa rushewa saboda tsoro da kwaɗayi. Da a bakin kasuwa muka haɗu da su, da mun dafe aljihunmu. Amma a nan ne ƙarfin fim ɗin yake, domin bai roƙe mu mu tausaya musu don suna da kirki ba. Ya nuna mana su yadda suke, sannan ya nuna su suna yin abin da mu masu wanka da sabulu muka kasa.

Mu Musulmi mun san hukuncin jana'iza: farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta sauka a kan kowa, idan kuwa aka rasa mai yi to laifin ya hau kan al'umma duka. Ga birni cike da masallatai da attajirai da hukuma, amma nauyin suturta yaro ɗaya ya faɗo a kan yara uku masu warin sholisho. Babu wanda ya tsaya ya yi wa'azi a cikin fim ɗin, amma yatsan da ya nuna kowa ya ga inda ya dosa.

Wani zai ce ai a nan ma ɗaya ne ake yi wa hidima, tun da mamaci ba ya ramawa. Amsata ita ce Ali ya riga ya biya nasa tun yana da rai, domin shi ne ya ba su mafarkin da suke rayuwa a kansa. Kwita da ba shi da wani buri sai na abin da zai ci yau, ya wayi gari yana maganar tsibirin nan kamar ya taɓa zuwa. Shi ya sa Ayouch yakan sa zane-zanen alli su motsa a idon yaron kamar masu rai. Bayan haka, nauyin jana'izar ma su uku suka raba shi, kowa da gwargwadon ƙarfinsa da rauninsa. Aibin da na gani a fim ɗin shi ne waɗannan zane-zane sun so su yi yawa, har a wasu wurare suna neman rufe ƙazantar da aka faro nuna mana da gaskiya.

Yarinya mai tallar Soleil

Fim na uku na Djibril Diop Mambéty ne, mutumin Senegal, wanda ya rasu a 1998 kafin a fito da shi. Tsawonsa kamar minti 45 ne, kuma da harshen Wolof aka yi shi. Sili gurguwar yarinya ce mai tafiya da sanduna biyu, tana bara a Dakar, kakarta kuma makauniya ce. Wata rana yara maza masu tallar jarida suka bangaje ta ta faɗi. Ta tashi ta yanke shawarar ita ma tallar jarida za ta yi, sana'ar da maza suka ɗauka tasu ce su kaɗai. A ranar farko wani mutum ya saye jaridunta duka ya ba ta takardar sefa 10,000, watau jika goma a lissafin 'yan'uwanmu na Nijar. Ɗan sanda ya zarge ta da sata, ta bi shi har caji ofis ta kare kanta da bakinta. Da kuɗin ta saya wa kakarta laima, ta raba wa mabarata, ta yi shagali da ƙawayenta.

Ba zan ɓoye ba, wannan mai saye da ya faɗo kamar daga sama irin sa'ar nan ce ta tatsuniya, kuma da a Dosti na gan ta da na yi ƙorafi. Bambancin shi ne Sili ba ta jira sa'a ba, ta riga ta fito neman na kanta kafin sa'ar ta same ta, kuma matsalarta ba ta ƙare da kuɗin ba. Yaran nan suka ci gaba da tsangwamarta. Abokinta Babou, wanda yake tallar wata jaridar dabam, shi yake tsaya mata. A ƙarshe suka ƙwace mata sanda suka gudu, Babou ya goya ta a bayansa suka ci gaba da tafiya.

Ga gurguwa a bayan mai ƙafa, hoton da ya yi kama da na Dosti, amma ma'anarsa dabam. Babou bai kashe kansa don Sili ta ɗaukaka ba, Sili kuma ba kaya ba ce da aka ɗauka don neman lada. Abokan sana'a ne, ita ta fi shi ƙarfin zuciya, shi ya fi ta ƙarfin ƙafa. Wannan fim bai sa ni kuka kamar Dosti ba, amma na fi daɗewa ina tuna shi, kuma abin da na ji game da Sili ya fi kusa da girmamawa a kan tausayi.

Ina ruwanmu?

Dangantakarmu da finafinan Indiya tsohuwa ce. Tun wajen shekarun 1960 'yan kasuwa Kwarori suke kawo su gidajen silima na Arewa, irin su Rex da Palace da Plaza a Kano, iyayenmu suka haddace waƙoƙinsu ba tare da sun ji harshen ba. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo, daga Turmin Danya na 1990, abin da aka fi ɗebowa daga Indiya shi ne soyayya da rawa da waƙa. A iya kallona, abotar yaran da ba su da kowa ba ta sami wuri sosai ba, alhali ga ta a ƙofar kowane gida: almajirai biyu da suke raba ƙanzo ɗaya, ɗan jagora da makahonsa, 'yan talla mata da suke jiran juna don kada ɗaya ta koma gida ita kaɗai da dare.

Zan faɗi abin da ya sa gardamar ɗakinmu ta tsaya mini a rai. Washegarin daren da muka yi kukan Mohan, ina cin abinci a wurin mai tuwo, wasu almajirai biyu suka tsaya a kaina suna jiran saura. Ɗaya ya ɗura wa ɗayan ashar a kan wanda zai karɓi kwanon, ni kuwa na daka musu tsawa na kore su, ina cewa yaran banza marasa tarbiyya. Sai da na taso na hango su a gindin bishiya suna cin abin da wani ya ba su a kwano ɗaya, wanda ya yi zagin yana tura wa ɗan'uwansa loma mafi girma. Dosti ya koya mini in tausaya wa yaro mai muryar Mohammed Rafi da halin waliyyi, bai shirya ni haɗuwa da waɗannan ba. Yaran Ali Zaoua ne suka tsaya a kaina, ban gane su ba.

Kammalawa

Kada a fahimce ni da cewa na yar da Dosti. Fim ne da aka yi da gwaninta, waƙoƙinsa sun fi shekara 60 ana saurarensu, kuma rabinsa na farko darasi ne ga duk mai son ya ga yadda ake gina abota a cikin labari. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce hawaye ne ƙarshen hukunci. A kan ma'aunin da na ɗauka, na Mambéty ne ya fi daidaita abota, Ali Zaoua ya fi faɗin gaskiya da ɗora alhaki, Dosti kuwa ya fi su iya sa kuka, ya kuma fi su sauƙin mantawa da abin da ya jawo kukan.

Kirana ga 'yan wannan ƙungiya masu rubuta gajerun labarai da wasannin kwaikwayo shi ne, idan za ku rubuta almajiri ko gurgu ko makauniya, ku ba shi aboki, ku ba shi wayo da fushi da abin dariya, ku bar shi ya yi kuskure. Kada ku mai da shi waliyyi don mu so shi, kada kuma ku mai da shi ɗan daba don mu ji tsoronsa. Sannan ku tuna da kamfanin da ya hana diyya, kada ku bar shi ya sulale daga labarin.

Abokan gardamata huɗu suna nan, na san kuma ba za su yi shiru ba. Filin wannan mujalla a buɗe yake gare su da duk wanda ya ga na yi wa Mohan da Ramu rashin adalci. Allah ya sa mu dace, amin.